Igiyar Akuya a Wuyan Baƙon Luwiziyana

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so. Na sa wa dattijo igiyar akuya a wuya, a gaban 'yarsa, ina dariya. A Tsarnawa aka yi wannan, bayan yunwar 2005 da kaɗan.

Yunwar nan ta cinye mini shanu da jaki. Matata ta kwashe yara ta koma gidansu a Bazaga, don ba abin da zan ba su. Sai wata Ba'amirkiya ta zo garinmu aikin rijiyoyi da lambu, tana neman mai gadi. Baƙa ce kamar ni, tana jin Hausa, mutanen gari suka sa mata Zainabu. Ta ɗauke ni. Da gadin nan na mai da iyalina ɗaki. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ba ni da sana'a, in babu ƙofar gidanta babu tuwo a gidana.

Ana nan sai mahaifinta ya zo. Dogo ne, kai duk furfura. Ƙasarsu a Amirka sunanta Luwiziyana, kuma a shekarar da fari ya kashe mu, su ruwa ne ya shanye musu gari. Gidansa ya tafi, don haka ya zo ya zauna wurin 'yarsa. Kullum da safe muna shan shayi a ƙofar gida. Ba ya jin Hausa, ba na jin nasa, amma mun saba. Baba nake ce masa.

Wata rana ya ce zai yi wa gari miyar ƙasarsu. Da kansa ya zauna gaban murhu (mata suna leƙe ta kan katanga suna ƙyalƙyala dariya). Ya soya garin alkama cikin mai har ya yi ja kamar laka, ya zuba kuɓewa da kaza da busasshen kifi, aka malala a kan shinkafa. Gombo suke ce mata, yadda ma'aikatanmu suke kiran kuɓewa da Faransanci. Shi ma yana jin wani tsohon Faransanci, wanda ko Mushe Idi, malamin lakwal, sai ya kasa kunne kafin ya gane.

Aka shimfiɗa tabarmi. Mai gari ya zo, liman ya zo. Baba yana ba da labari, Zainabu tana juya mana da Hausa. Ya ce a ƙasarsu ba a tona kabari, don ruwa na kusa, ɗaki ake gina wa gawa a bisa ƙasa. Kuma da ganga da ƙaho ake raka mamaci, a tafi a hankali, a dawo ana rawa.

Liman ya ajiye cokali ya ce, "A'uzubillahi. Amma miyar da daɗi."

Sai Baba ya ce kakanninsa daga wannan yanki aka kwashe su a jirgin ruwa. An sayar da su a kasuwa, suka yi ta saran rake a bakin wani babban kogi har suka mutu. Kuɓewar nan tare da su ta ƙetara.

Mushe Idi ya tambaya, "To wace ƙabila ce taku?"

Baba ya girgiza kai. Ya ce har sunaye aka karɓe musu. Sai dai kakarsa takan ce wataƙila Yarabawa ne.

Nan shaiɗan ya same ni. Ni Bagobiri ne, ga tsage a fuskata. Tsakaninmu da Bayarabe wasa ne tun kaka da kakanni: in ce masa bawana, ya ce mini bawansa, ba mai fushi. Kuma watan cika-ciki ne, lokacin da taubasai suke ɗaure juna sai an fanshi kai. Na ce a raina, bawan Allah nan ba shi da gida, ba shi da dangi, bari in ba shi dangi a gaban kowa. (Wallahi abin da na yi nufi ke nan. Ni da ba na magana a taro, ranar na ga dama ta zo.)

Na kwance igiyar akuya daga turke, na zagayo ta bayansa. Kafaɗa na nufa. Yana zaune, sai ta faɗa a wuya. Na ja kaɗan, na ɗaga murya:

"Na kama bawana! Bayarabe, fanshi kanka in sake ka!"

Don kada ya rasa daɗin wasan, na ƙara da ɗan Faransancin da na tsinta a tasha: "Esklab! Esklab!" Wato bawa.

Mutane suka fashe da dariya. Mai gari har da tafi, yana cewa, "Bagobiri ya yi kamu!"

Baba bai motsa ba. Kwanon da ke hannunsa ya kife, miya ta bi masa wando. Idonsa a buɗe, amma ba mu yake gani ba.

Zainabu ta miƙe. Ba ta yi tsawa ba. Ta ce, "Cire. Cire ta yanzu."

Na kai hannu, igiyar ta sarƙe da maɓallin rigarsa, sai da ta zo ta cire da kanta. Mushe Idi ya shiga bayani da Faransanci, wai wasa ne, wai girmamawa ce, yana ta maimaita kalmar nan da na faɗa. Na so ƙasa ta tsage. Ta kama hannun ubanta suka shige ɗaki, aka bar mu da tukunya.

Da safe ta same ni a ƙofa. Ta ce lokacin da Baba yake yaro, fararen fata na garinsu sun rataye ƙanen mahaifinsa a bishiya. Yana wurin aka sauko da gawar.

Na ce, "Malama, ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Na gaya masa wasa ne, ya ce ya yarda. Amma in ya hango ka a ƙofar nan jikinsa rawa yake yi, kuma ba shi da inda zai koma."

Na roƙi in gan shi in ba shi haƙuri. Ta shiga, ta daɗe, ta fito ita kaɗai. Ta sallame ni da mutunci, ta ɗauki wani.

Kafin damina gari ya sa mini Mai Igiya. Kafin kaka matata ta sake kwashe yara, wannan karon ba ta dawo ba.

Abin da na koya ɗaya ne, kuma na koye shi a makare: kafin ka yi wa baƙo wasan gidanku, ka fara jin abin da aka yi a nasu gidan.

Yanzu ina Galmi, ina dakon albasa. Direbobin Yarabawa suna zuwa lodi, in sun ga tsagena sai su ce, "Kai bawana, ɗauko wancan buhu!" Na'am nake cewa, in ɗauko.