Siniyar Inna da Ganyen Auduga

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, ko da yake wasu abubuwan sun fara cuɗe mini, har ban tabbata ba ko Laraba ce ko Alhamis.

Kwana huɗu suka rage a rufe rajistar digiri na biyu a jami'armu da ke birnin Madani, kuma ba a karɓar takarda sai da sa hannun malamin da zai duba aikinka. Ni kuwa na nace sai binciken basirar na'ura, wato koya wa kwamfuta gane abu da kanta. Malama ɗaya ce ta san fannin a sashenmu, Doktora, 'yar garin Mai Wurno, kuma gurbin ɗalibi ɗaya ya rage mata. Sau uku ina zuwa ofishinta in gaishe ta, in tambayi mutanen gida, in fito ban faɗi abin da ya kawo ni ba. (Na huɗun a bakin ƙofa na juya.)

Da kawuna ya ji ta je gida hutu, sai ya tasa ni gaba muka tafi, don ya san mahaifinta. A mota na buɗe jaka ya fi sau goma ina duba kwamfuta da ganyen audugar da na tsinko.

Ko shayi ba mu kurɓa ba Kawu ya ce, "Doktora, yaron ga ya koya wa na'ura gane ciwon auduga. Ta fi malaman gona."

"Ba ta kai nan ba, Kawu. Wataƙila dai..."

"To mu gani," in ji Doktora.

Na ɗaga lafiyayyen ganye gaban kamara, na'ura ta rubuta "lafiya". Na ɗora mai cuta a kan siniyar shayi, wato farantin da aka kawo mana shayi a kai, ta rubuta "cuta". Kawu ya gyara zama.

Sai Doktora ta ɗauki lafiyayyen ganyen ta ɗora a siniya. "Cuta." Ta cire ganyen, ta nuna siniyar ita kaɗai. "Cuta."

Ta dube ni ta ce, "Ƙanena, ina ka ɗauki hotunan da ka koya mata da su?"

Lafiyayyun a gonar Baba na ɗauke su, a jikin itacensu. Masu cutar kuwa gida na kai su, na jera ɗaya bayan ɗaya a siniyar Inna, don hoton ya fita tsaf. Wata shida ina koya wa kwamfuta gane siniya.

Kawu ya leƙa ya ce, "Amma fa, Doktora, siniyar ga ta ɗan yi tsatsa."

Ta yi dariya har da share ido. Ni kuwa ina naɗe wayar kwamfuta ina neman takalmina. Sai ta miƙo hannu.

"Kawo takardar. Babinka na farko, ka bayyana yadda ka ruɗi na'urarka. Kuma da ka faɗi bukatarka tun zuwan farko, da mun gano wannan ba a gaban kawunka ba."

Abin da na koya, in ma na koya, shi ne na'ura abin da ka nuna mata take ɗauka, ba abin da ke zuciyarka ba. Ashe malami ma haka ne: gaisuwa ka kai masa, gaisuwa zai amsa.

Kawu ya dage bai ce tsatsa ba, wai lanƙwasa ya ce. Duk wanda yake wurin, don Allah ya aiko mini da gyara.