Rasuwar Baraka, Ragar Atisayen Malam Yari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafar dama mai cike da kewa, Malam Yari Abbas mai kemis na unguwar Ƙofar Guga, a nan birnin Katsina, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa taka leda tare da shi, rasuwar abokiyar atisayensa Baraka. Ta cika ranar Talatar da ta gabata da hantsi, a tsakar gidansa, bayan doguwar jinya da gajeren faɗa.

Ga waɗanda ba su yi sa'ar saninta ba, marigayiyar raga ce. Ba irin ragar da ake zura wa ƙwallo ta haɗiye ba. Ita an ɗaure ta ne tamau a jikin ƙarfe mai kusurwa huɗu, aka kafa ta ta ɗan kishingiɗa, ta yadda duk ƙwallon da aka buga mata sai ta maido wa wanda ya bugo. Aikinta ke nan a duniya, kuma ba a taɓa jin ta ce ta gaji ba.

Ba za a gane girman wannan rashi ba sai an san halin da Malam Yari yake ciki kafin zuwanta. Shi ɗan ƙungiyar Dattawan Ƙofar Guga ne, wato magidantan nan masu tumbi da ke haɗuwa kowace Asabar da sassafe a filin makarantar unguwa, su yi gudu gwargwadon abin da gwiwa ta yarda. A ƙuruciyarsa gwanin yanka ne, sai dai ƙwallo in ya shiga ƙafarsa ya shiga ke nan, shi ya sa ake kiransa Rijiya. Shekaru suka zo suka kwashe gudun da yankan, suka bar masa halin. Da abin ya ishi abokan wasansa, sai suka daina ba shi ƙwallo, ba tare da sun zauna taro a kan maganar ba. Ya yi gudu, ya ɗaga hannu, ya yi ta kiran kyaftin ɗinsu, “Alhaji Alamin, ga ni nan, ni kaɗai!” Alhaji Alamin ya dube shi da idon mutunci, sannan ya juya ya buga wa wani, ko da wanin nan ɗan ɗaya ɓangaren ne. Damina guda Malam Yari bai taɓa ƙwallo a filin nan ba, in ban da lokacin da ƙwallon ya tsallake katangar makaranta aka ce ya taimaka ya ɗauko. Bai gaya wa kowa abin yana cinsa ba. Maiɗakinsa Fiddausi ce kawai ta lura cewa ran Asabar ba ya gama kokonsa, kuma yakan daɗe yana goge takalmin da babu abin da ya taɓa.

A cikin wannan hali ne ya ga wani ɗan Bature a waya yana atisaye shi kaɗai da irin wannan raga. Ya ɗauki wayar ya nufi Ƙofar Durbi wurin Sadiq mai walda. Sadiq ya kalla, ya sake kallo, ya ce, “Malam, wanga ai gado ne aka tada tsaye.” Daga nan asalin marigayiyar ya samo. Ta wajen uba, jinin gadon ƙarfen kakar Malam Yari ce, gadon da ya ɗauki zuriya guda bai lanƙwashe ba. Ta wajen uwa, ragar masunta ce da aka kawo daga Jibiya, tana ƙarnin kifi har ta yi wata a gidan. Robar cikin tayar babur ce ta haɗa zumuncin. Fiddausi ce ta raɗa mata suna, ta ce in dai za ta sa mutumin nan ya koma cin abinci, to Baraka ce.

Ranar da aka kafa ta a gindin bangon tsakar gida, Malam Yari ya ja da baya, ya tattara fushin damina guda ya zuba a ƙafar dama, ya sheme ta da ƙwallo. Ta ce “tum,” ta maido masa a karan hanci. Ya zauna daɓas a ƙasa, haɓo yana zuba, Fiddausi ta fito da gudu da ludayi a hannu, sai ta tarar yana dariya har da hawaye. An daɗe ba a ba shi ƙwallo da irin wannan niyya ba.

Marigayiyar mai riƙon amana ce. Abin da ka ba ta shi za ta ba ka, yadda ka ba ta. Ka ba ta a hankali, ta maido a hankali. Ka ba ta da rashin kunya, ta maido da irinta. Ba ta duba tumbi, ba ta tambayar shekaru, ba ta taɓa cewa an yi satar gida ba. Ba ta da yawan magana, duk rayuwarta kalma ɗaya aka san ta da ita, “tum,” sai da girma ya kama ta ne ta ƙara da “ƙiii.” Ba za a ce ba ta da laifi ko kaɗan ba, don ɗan Adam ma tara yake bai cika goma ba, balle gado. Ta taɓa aika ƙwallo cikin tukunyar miyar kuka ana gab da saukewa. Ta taɓa cire wa wani baƙo hula tun bai gama sallama ba. Kazar gidan kuma, da ta yi kuskuren sauka a kanta daga bisa katanga, ta koma inda ta fito ba da shirinta ba, kuma tun daga ranar take zagayawa ta bayan madafi.

Amma babban aikin alherinta a filin makaranta ya bayyana. Kullum bayan sallar asuba Malam Yari yana ba ta tana ba shi, yana ba ta tana ba shi, har ƙafarsa ta koyi abin da zuciyarsa ta ƙi koya tun yana saurayi. Wata Asabar ƙwallo ya kuɓuce wa wani ya gangaro wurinsa bisa kuskure. Kafin ya yi tunani, ƙafar ta riga ta miƙa wa Alhaji Alamin, taɓawa ɗaya, daidai kan takalmi. Alhaji Alamin ya tsaya baki buɗe, ƙwallo ya wuce ta gabansa ya fita waje. Mai tsaron gidan ɗaya ɓangaren ya tako har tsakiya ya tambaya ko Malam Yari lafiya yake. Mako na gaba aka gwada ba shi da gangan, ya maido. Aka sake, ya sake maidowa. Kafin a ankara mutumin da ake gudu ya zama wanda ake nema, har aka sa sunansa cikin waɗanda za su fara wasan da za a yi da Dattawan Ƙofar 'Yandaka ranar Asabar ɗin bayan Babbar Sallah, wasan da unguwannin biyu suka shekara suna cika baki a kansa. Ranar da aka gaya masa, ya dawo gida ya shanye koko kwano biyu, ya je ya tsaya gaban Baraka ya gyara mata wata roba da ta saki.

Jinyarta ta fara ne da tsatsa a ƙafar hagu, sanadin ruwan da ya yi ta dukanta a waje. Daga nan robobin suka soma tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Sadiq ya zo ya duba ta, ya yi mata ɗori, ya ba da shawarar a rage mata aiki. Malam Yari ya koma buga mata da cikin ƙafa kawai, yana rufe ta da tsohon bargo in hadari ya haɗo. Ta ɗan samu sauƙi, har ana sa ran za ta ga wasan Sallah.

Sai ga Baffa Gidaɗo. Baffa Gidaɗo ƙanin mahaifin Fiddausi ne, makiyayi da ke zaune a rugarsa can bayan gari, kuma duk shekara shi ke kawo wa 'yarsa ragon layya daga cikin garkensa. Na bana fari ne ƙato, mai ƙaho murɗaɗɗe da idon da ba ya ƙiftawa. Aka ɗaure shi a turke yana fuskantar Baraka. Tun daren farko aka lura ba ya kallon dusa, ita yake kallo.

Ran Talata, bayan Malam Yari ya tafi kemis, ragon ya tsinke igiya. Fiddausi, wadda ita ce kaɗai ta shaida abin da ya faru daga ƙofar madafi, ta ce bai nufi ƙofar gida ba, bai nufi buhun masara ba. Ya ja da baya har bango, ya sunkuyar da kai, ya taho. Marigayiyar, duk da rashin lafiyarta, ta karɓe shi kamar yadda take karɓar kowa. Ta ce “tum,” ta maido shi. Ragon ya tashi, ya girgiza kai, ya dubi hagu da dama ko wani ya gani, ya sake ja da baya. Tun da aka haife shi bai taɓa tunkuyar abu ya rama ba. Fiddausi ta yi masa tsawa, ta jefe shi da murfin tukunya, bai ko waiwayo ba. Sai ta kira maigidan a waya ta ce, “Malam, in kana son ka same ta da rai, ka taho yanzu.”

Ya bar mai sayen maganin tari tsaye, ya hau kabu-kabu, ya iso takalmi ɗaya a ƙafa. Ya tarar robobi warwatse a tsakar gida, ragar ta yage ta gefe, ƙafar hagun da aka ɗora ta sake karyewa, amma tana tsaye. A gaban idonsa ragon ya yi tahowar ƙarshe. Ta tattara abin da ya rage mata, ta ɗaga shi sama, ta aika shi cikin randar ruwa. Sannan ta ce “ƙiii” a hankali, ta kwanta ta gefen dama. Da aka kira Sadiq, ya durƙusa ya taɓa nan ya taɓa can, ya miƙe ya cire gilashin waldarsa, ya ce sai haƙuri.

Malam Yari yana godiya ga duk waɗanda suka zo gaisuwa. Yana godiya ta musamman ga surukinsa Baffa Gidaɗo, wanda ya taso tun daga ruga, ya zauna a kan tabarma, aka gaisa aka sake gaisawa, ya tambayi gida da kasuwa da gajiya, sannan ya dubi gawar ya dubi ragon ya ce, “Ai tun yana ɗan ƙarami ba ya barin ta kwana. Amma fa Yari, ni a ganina ita ta fara.” Malam Yari, da yake gaban suruki ne, ya sunkuyar da kai ya ce haka ne, Baffa. Yana kuma godiya ga limamin unguwa, wanda ya duba ƙahon ragon ya tabbatar bai karye ba, layya ta inganta, ya kuma yi bayani cikin natsuwa cewa ƙarfe ba ya bukatar wanka ko sutura, mai ƙarfen ne ke bukatar ya samu barci.

Dattawan Ƙofar Guga sun zo gaba ɗayansu, suka cika zaure, kuma an ga tashin hankali na gaskiya a fuskokinsu, don wasa ya matso kuma kowa yana tsoron kada maraici ya mai da Malam Yari gidan jiya. Bayan an yi addu'a, Alhaji Alamin ya yi gyaran murya ya ce sun yanke shawara: daga gobe, kowace safiya mutum ɗaya daga cikinsu zai zo ya tsaya a gindin bangon nan, inda marigayiyar take tsayawa, Malam Yari ya ba shi ya maido, har ranar wasa. Shi ne ya fara, washegari. Mutumin da ya yi damina guda yana kau da kai ya zo da sanyin safiya, ya naɗe ƙafar wando, ya tsaya a kan sawun ƙarfen da ke ƙasa. Bai kai ta iya aikin ba, kuma yana da yawan ƙorafi, musamman da ƙwallo ya same shi a ciki. Amma ya dawo da kansa ran da ba layinsa ba, Fiddausi kuma ta ƙara yawan gasarar koko.

Marigayiyar ta rasu ta bar Malam Yari, da ƙwallaye biyu, ɗaya a cikinsu yana sacewa tun ran da abin ya faru. Ta bar famfon hura ƙwallo, da bargonta, da bangon da ta tsare wa duka tsawon rayuwarta, wanda yanzu ya san abin da ake ciki. Ta bar kazar gidan, wadda ba ta nuna alhini yadda ya kamata ba.

Game da jana'iza, ana sanar da jama'a cewa 'yan gwangwan sun zo har sau biyu da amalanke, an ba su haƙuri sun koma. Iyali sun zauna sun amince cewa ranar jajibiri Sadiq zai miƙe ƙarfen, ya cire ragowar ragar, ya shimfiɗa waya a madadinta. Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi an yi yanka, za a haƙa rami a tsakar gida daidai inda ta faɗi, a zuba gawayi, a ɗora marigayiyar a kai, sannan a ɗora ragon a kanta. Za a fara karɓar gaisuwa da zarar ya soma nuna. Maza a zaure, mata a cikin gida, Baffa Gidaɗo ne zai raba. Mai zuwa ya taho da yajinsa.

Ana roƙon masu shigowa gaisuwa kafin ranar da su rage murya in sun zo wucewa ta wurin turke, don shi wanda abin ya shafa yana nan ɗaure da sabuwar igiya yana cin dusarsa, kuma har yanzu ba a gaya masa ba.