Ranar da Baba Mati Ya Sa Hannu

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a ƙasar Sabuwa ba, ko da kau tsufa ya sa na manta hanyar gidana. Na yi yawo, Allah ya sani. Na ci aiki a Maiduguri, na zauna Ikko, na sha ruwan sama a Fatakwal, har jirgi ya taɓa tashi ya bar ni a Jidda da takalmi a hannu. Amma duk kunyar da na kwasa a waɗannan wurare, in aka tara ta wuri guda, ba ta kai rabin ta wannan rana ba. Kuma a kan alƙalami ne. Alƙalami fa, jama'a.

Lokacin nan ne da kuɗin mai ya faɗo ƙasar nan, kowa yana tafiya kamar a gonar ubansa aka haƙo shi. Aka ɗauke ni malamin gona, ni ɗan Ƙanƙara, aka ajiye ni a Faskari, aka haɗa mani ƙauyuka tun daga Daudawa har cikin dazukan Sabuwa. Ga sabon babur, ga agogo, ga wando mai faɗin ƙafa da ke share wa gwamnati hanya kyauta. (Akwai hotona na lokacin. Uwargida ta ɓoye shi, ta ce don mutuncin 'ya'ya.)

A zamanin nan ba a tambayar mutum takardar makaranta, aljihun gabansa ake dubawa. In an ga biro a maƙale, to, a gyara zama, ɗan boko ya iso. Na san wani mai awo a kasuwar Daudawa da ke jera marfi uku a aljihu, ba jikin biro ko ɗaya, kuma har ya mutu ana kiransa Malam.

Nawa kau ba biro ba ne. Alƙalami ne mai shan tawada, baƙi wuluk, bakinsa ruwan zinariya. A Zariya na saye shi ranar da na gama kwas. In na ɗora shi kan takarda sai ya riƙa sulalewa kamar man shanu a kan tuwo mai zafi. Duk Juma'a sai na wanke mashi ciki da ruwan ɗumi kafin in yi nawa wankan. Yana da hankicinsa daban. Kuma na yi imani, imani mai ƙarfi, cewa bakin alƙalami yana koyon hannun mai shi, in baƙon hannu ya danna shi sau ɗaya, ya rikice ke nan har abada. Babur ɗina ina ba da aro. Babbar rigata ta je ɗaurin aure uku ba ni a cikinta. Amma alƙalami? Ko yayana ya san wannan ba ta taso ba.

To, akwai wani dattijo a wani ƙauye gab da Sabuwa, Baba Mati, manomin auduga, ya haura sittin. Shi ne mai masaukina duk na je. Kafin in kashe babur an shimfiɗa tabarma, an dama fura, wani sa'in har zabuwa ake yankawa. Tafin hannunsa kamar ɓawon kuka, in ya gaisa da kai sai ka ƙirga yatsunka. Duk takardar da na kawo, ta taki ko ta iri, dangwala babban yatsa yake, sa'an nan ya goge a ƙasa yana tsaki.

Wata rana ina zaune gabansa ina cike takarda. Na ɗaga kai, ashe alƙalamin yake kallo.

“Malamin Gona, ba ni abin ga in riƙa mana. Ko sau ɗaya.”

Na dubi hannun nan, na dubi ɗan bakin zinariyar nan. Sai na yi dariyar 'yan boko, na ce, “Baba, ai wannan ba a riƙa shi haka nan. Amma na yi maka alkawari, ranar da ka iya rubuta sunanka, da shi za ka rubuta.”

“Alkawari?”

“Alkawari, Baba.”

Na hau babur ina yaba wa kaina wayo. Mutumin da ya shekara sittin da fartanya, yaushe zai zauna koyon baƙi? (Ka ga irin lissafin yaro. Na san yawan takin da eka ke ci, ban san zuciyar tsoho ba.) Ban sani ba ashe a makon nan ya shiga ajin yaƙi da jahilci da malamin firamare ke yi bayan la'asar. Kuma bai ce mani uffan ba.

Aka yi damina, aka yi kaka. Sai ga saƙo daga ofis cewa za a kafa ƙungiyar manoman auduga a ƙauyensu, kowa ya sa hannu a babban littafi gaban Maigari. Shugabana a wurin aiki, wani Alhaji mai gilashi, zai zo da kansa daga Funtuwa. Na tashi da asuba, na sa farin kaftani da hula ƙube, na shayar da alƙalami tawada har wuya, na maƙala shi a aljihu, na kama hanya.

Saura kamar mil biyu in shiga gari sai ga maƙwabcin Baba Mati a kan keke, yana ɗaga mani hannu.

“Malamin Gona, barka da zuwa! Yau kau akwai kallo. Halan ba ka ji ba? Baba Mati ya iya rubuta sunanshi. Duk gari an sani da alƙalaminka zai rubuta. Har 'ya'yanshi mata da ke aure Dandume sun zo.”

Na ce, “Madalla, madalla,” da wata murya da ban san ina da ita ba.

Yana wucewa na tsaya gindin wata ɗorawa. Nan Shaiɗan ya same ni, kuma gaskiya bai sha wata wahala ba. Na zare alƙalami. Ina zan sa shi? Aljihun gefe akwai makullai da sifana, za su karce shi. Jaka kau a gaban jama'a za a buɗe ta. Sai na tuna inda iyayenmu ke ajiya tun fil azal: cikin hula. Nan mahaifina ke sa laya da allura da ɓarin goro da wasiƙar da bai son a gani. Na kwantar da shi a ciki, na mayar da hula, na danna. Sauran mil biyun nan kuma duk wanda ya san hanyar Sabuwa ya san ba hanya ba ce, tsalle ne. Ga rana ta take.

Na iske gari ya cika a ƙofar Maigari. Baba Mati ya sha sabuwar riga, har da tozali. Ya taso ya kama hannuna biyu. Idonsa ya sauka kan aljihuna. Wayam.

“Baba,” na ce, “ka ga ikon Allah. Sauri ya sa na baro shi Faskari, a kan tebur.”

Na ƙara da abin da ba wanda ya tambaye ni: “Ina ganinsa ma yanzu a idona, kusa da fitila.”

Alhaji mai gilashi ya zaro biro ya ce ai ga wannan, duk rubutu rubutu ne. Baba Mati ya dubi biron, ya yi murmushi, ya ce, “Na gode, Alhaji. Ba komai. A kawo ta dangwalen kawai, na saba.” Ya koma gefe ya zauna, ya zuba hannuwansa a cinya. Daga bayan zana, inda matan gidansa suka taru da shirin guɗa, ba ka jin ko tari.

Wallahi a nan na so in tuba. Amma ta yaya? In ɗaga hula in ce me?

Sai Allah ya kawo kiran azahar. Maigari ya ce a yi salla tukuna, sa'an nan a buɗe littafi. Kuma ka ji halin mutumin kirki: Baba Mati da kansa, wanda na gama kunyatawa, shi ya ɗebo mani ruwa a buta. Muka tsuguna kafaɗa da kafaɗa a ƙofar masallaci, ga Liman a dama, ga Maigari, ga Alhaji, ga rabin gari.

Ita alwala, ka sani, ba da tunani ake yin ta ba, hannu ne ya haddace abinsa. Na wanke hannu, na kurkure baki, na shaƙa, na wanke fuska, na wanke damtse, zuciyata na can tana shari'a da kanta. Da aka zo shafar kai, hannuna bai yi shawara da ni ba. Ya ɗaga hula ya kifa a gwiwa. Na jiƙa tafi, na shafa daga goshi zuwa ƙeya, na dawo, na cusa yatsu a kunne.

Sai na ji ƙwas.

Alƙalami ya gangaro ya tsaya daidai babban yatsan ƙafar Baba Mati. Marfinsa ya kwance, ya yi nasa wuri. Na dubi hannuna: shuɗi, kamar na kwana a marina. Tsalle da zafin rana sun sa ya amayar da duk abin da na shayar da shi a cikin sumata, ni kuma na zo na dama da ruwa na raba wa kunnuwa. Ina ji yana gangarowa ta goshi, ta gefen hanci, yana ɗiga kan farin kaftani, ɗis, ɗis.

Har butoci suka daina zuba.

Baba Mati ya sunkuya ya ɗauke shi da yatsa biyu, kamar mai ɗaukar ɗan tsako. Ya hure mashi ƙasa, ya goge da hannun sabuwar rigarsa. Ya dube shi, ya dube ni.

“Malamin Gona,” ya ce a hankali, “ashe ya biyo ka. Abin ga yana son ka ƙwarai.”

Liman bai ko ɗaga kai ba, ya ce, “Ƙarasa alwalarka, Malam, saura ƙafa.”

Nan fa wuri ya ɓarke. Maigari ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Alhaji ya cire gilashi yana share hawaye, yana cewa, “Kusa da fitila! A kan tebur!” Wani daga baya ya ce ilimi ne ya yi wa Malamin Gona yawa, ga shi nan yana tsiyayowa ta kunne. Haka na yi sallar nan a sahun gaba, da na ɗago daga sujada na bar wa tabarmar masallaci tambari.

Bayan sallama na rarrafa gaban Baba Mati. Na ce, “Baba, ƙarya na yi maka. Tsoro na ji kar ka danne mashi baki.”

“Ai na sani, ɗana. Tun da ka ce fitila.”

Aka buɗe littafi. Sai dai alƙalami ba ko ɗigo a cikinsa, duk tana kaina. Liman ya aika aka ɗauko tasa tawadar ta allo, wadda ake haɗawa da baƙin tukunya da ƙaro. Na san sarai ƙaro toshe irin wannan alƙalami yake yi. Ni da hannuna na tsoma bakin zinariyar nan a ciki, na miƙa wa Baba Mati da hannu biyu.

Ya gyara zama. Ya yi bisimilla. Sai na ga hannun nan mai karya itace ya sauka kan takarda kamar ƙuda ya sauka kan nono. Baƙi huɗu ne kacal, amma ya ɗauki lokacin da za a dama fura a shanye. Ko ƙara ba ka ji. Da ya ɗiga ɗigon ƙarshe, guɗa ta tashi daga bayan zana har sai da jakuna suka amsa.

Na ce, “Baba, wa ya koya maka sassauta hannu haka?”

“Kai mana. Na ga yadda kake lallaɓa shi. Sai na riƙa koyo da tsinken tsintsiya a ƙasa. In tsinke ya karye, in share in sake daga farko. Na cinye wa uwargida tsintsiya biyu, tana can tana jin haushina.” Ya miƙo mani. “Duba mashi baki, halan na ɓata?”

Bai ɓata ba. Tsagewar da ke jikinsa ta faɗuwar da na jawo mashi ce. Ƙaron kuma kwana uku ina jiƙa shi a ruwan ɗumi kafin ya saki, daidai kwanakin da na yi ina dirzar kaina da sabulu da toka. Wanzamin Faskari da na je wurinsa daga ƙarshe ya yi mani ƙwal, ya tsaya ya duba fatar, ya ce shi aski ya iya, wanki sai in nemi wani.

Na ƙara shekara biyu a yankin nan, kuma duk zuwan da na yi ƙauyen sai wani ya ce in ɗaga hula a gaisa da baƙon da ke ciki.

Abin da na koya dai ba shi da yawa. Kar ka yi wa tsoho alkawari don kana ganin ba zai iya ba, su lokaci gare su, kai ne mai sauri. In kuma har ka ƙudura sai ka yi ƙarya, to, don Allah ka duba agogo tukuna, ka ga saura minti nawa a kira salla.