Rasuwar Kwalin da Ke Rufa wa Mai Labari Asiri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Mai Labari yake sanar da abokan wasansa rasuwar Shamaki, wato kwalin firjin nan mai ninki uku da ya shekara huɗu tsaye a kan teburin falo, tsakaninsa da su, duk Asabar da yamma.

Ga waɗanda ba su san aikin marigayin ba: a wasan nan kowa yana da jarumin da ya ƙirƙira, Mai Labari yana ba da labarin, ƙwayar lido kuma ita ke yanke wanda zai rayu. A bayan marigayin yake jefa tasa ƙwayar, ba mai gani. Abin da ake ji kawai shi ne muryar Shamaki, ƙwas, ƙwas, sai a ce dodo ya kawo hannu. Saboda shi ne mutane masu gemu suka riƙa jin tsoron kogo da gaske, maimakon su tsaya lissafin lamba.

Marigayin mai riƙon amana ne. Sau bakwai ƙwaya tana kashe Maƙeriya, jarumar da Yaya, ɗaya daga cikin abokan wasan, ta rena tun ranar da aka sallami ita Yayan daga aiki, sau bakwai Mai Labari yana duban lambar, ya ce takobi ya kuskure. Shamaki bai taɓa ko tari ba.

Ya yi fama da ciwon ninki, ana ta yi masa ɗaurin salatif, har ranar da kofin shayi ya kife a gindinsa. Ya jiƙe, ya durƙusa, ya ce fap, shi ke nan. Ya faɗi ana tsakiyar faɗa, Maƙeriya tana bakin kogo, saura mata kiris.

Ya bar ƙwayoyi shida, da fensir guda da aka tattauna, da Mai Labari, wanda yanzu ba shi da mafaka. Tsoro yake ji, ba ya ɓoyewa. In ya jefa a fili mummunar lamba ta fito, Maƙeriya ta tafi. In kuma Yaya ta gane shi ya yi ta ceton ta, to duk jarumtar shekara huɗun nan ta zama sadaka, kuma ya san irin kallon da za ta yi masa.

Za a yi jana'iza Asabar da ƙarfe huɗu a kwandon sharar bayan gida, daga nan a dawo tebur a ƙarasa faɗan. Ba a buƙatar gudunmawa. Sai dai Lauya, abokin wasan da ya haddace littafin dokokin wasan, ya rantse ya riga ya sayo magaji, kuma don kada shayi ya sake yin ɓarna, na gilas ya zaɓa.