Sanarwar Rasuwar Gladys, Na'urar Saƙa Safa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da ya fi baƙin cikin yawa, Bernadette Tranter ke sanar da jama'ar Hinckley rasuwar abokiyar aikinta Gladys, na'urar saƙa safa da ke layi na uku a masaƙar garinmu. Ta rasu ranar Juma'a tana da shekara arba'in da ɗaya.

Marigayiyar ba ta da ƙyuya. Tun shida na safe ake jin muryarta, "ƙyas-ƙyas-ƙyas," idan zare ya tsinke ta ce "ƙiii" sau ɗaya ta yi shiru, ba ta ɓata safa. Aibinta guda: ranar Litinin ba ta tashi sai Bernadette ta shafa mata mai a haƙarƙarin hagu. Shekara ashirin da bakwai suna tare.

Kada kowa ya ce tsufa ne. Kashe ta aka yi! Bara masu kamfani suka turo mutum biyu da kyamara, wai littafin cikar masaƙar shekara ɗari za a buga. Bernadette, baiwar Allah, har gyaran gashi ta je. Ta dafa musu shayi, ta yanka musu kek, ta nuna musu yadda ake ɗaure zare, yadda ake juya dunduniyar safa, duk abin da hannunta ya sani. Har tana ce musu, "Ku matso mana 'yan samari, daga can me za ku gani?" Ashe darasi ake ɗaukar wa sabuwar masaƙa a ƙetaren teku. Ana buɗe waccan aka rufe tamu. Littafi kuwa har yau ko bangonsa. Ba ta riƙe masu saƙar can a zuciya ba, su ma abinci suke nema. Amma masu kamfani, Allah ya isa.

Marigayiyar ta bar ma'aikata tamanin da uku, da mai shagon soyayyen kifi na bakin ƙofa wanda yanzu ƙudaje yake kora, da Bernadette, mai shekara hamsin da shida, wadda ofishin neman aiki ya ce ta je ta koyi kwamfuta.

Za a kai gawar wurin 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, ranar Laraba. Ba a buƙatar furanni, kuma manaja kada ya kuskura ya zo ta'aziyya. An sa ƙarfe goma na safe. Kowa zai samu halarta, tunda duk cikinmu babu mai wurin zuwa a wannan lokacin.