Rasuwar Ladi, Lemun Tsamin Malam Ubale

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da bai gama bushewa ba, iyalan Malam Ubale na Springfield da ke jihar Virginia a Amurka suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Ladi, bishiyar lemun tsamin da ke bakin tagar falonsu, bayan doguwar jinya da ciwon tabon ganye. Ta rasu tana da shekara tara.

Marigayiyar ta fito ne daga ƙwayar lemon da Malam Ubale ya matse a shayi, a shekarar da ya zo aiki sashen Hausa na wani gidan rediyo. Lokacin iyalinsa ba su iso ba, daga shi sai bango huɗu. Ya tura ƙwayar cikin ƙasa a robar yogot, ta tsiro ranar Lahadi, aka raɗa mata Ladi.

Duk wanda ya san ta ya shaide ta da haƙuri. Ta ci hunturun Virginia ɗaya bayan ɗaya ba ta taɓa ƙorafi ba, ƙanƙara na zuba a waje ita kuwa shar da ita. Ba ta da surutu, in ban da ƙas-ƙas ɗin ganyenta idan hitan ɗumama ɗaki ya taso da iska. Ita ce ta fara jin kowane labarin da Malam Ubale ya karanta wa duniya, domin a gabanta yake gwada muryarsa kafin ya fita. Sau ɗaya ta haihu, 'yan lemuna ƙanana masu ruwa, matarsa Hajiya Aliyya ta matse su a zoɓon Sallah.

Ciwon ajali ya fara ne bayan da gidan rediyon ya dakatar da shirye-shirye, aka ce ma'aikata su zauna a gida sai an neme su. Takardun zaman Malam Ubale a ƙasar kuwa da aikin suke ɗaure. Mutumin da ya saba sammako sai ga shi yana zagayen falo. Da safe ya ba Ladi ruwa, da azahar ya fesa wa ganyenta, da yamma ya ƙara.

Hajiya Aliyya ta ce masa, "Malam, ka bar ta ta huta mana. Ƙasar nan ba ta bushe ba."

Ya ce, "To in ban ba ta ruwa ba, me zan yi da safiyar?"

Ba a jima ba sai ga ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a ganyen ƙasa-ƙasa, kowanne da zoben rawaya kewaye da shi. Da fari ya ɗauka ƙunar rana ce, ya janye ta daga taga, ya ƙara mata ruwa. Ya juya bayan ganye yana neman ƙwari bai ga ko ɗaya ba. Tabon ya haɗe da tabo, ganye ya soma zuba. 'Yarsu Haula ce ta ɗauki hoto, ta raka shi shagon shuke-shuke, inda wata ma'aikaciya mai suna Debbie ta duba ganyen ta ce funfuna ce, irin mai son laima da ɗakin da iska ba ta ratsawa.

Ba a yi sakaci da magani ba. An ware ta daga sauran shuke-shuke. An yanke duk ganyen da ya kamu, ana goge almakashi bayan kowane yanka. An daina jiƙa ganye, ruwa sai a gindi, shi ma sai an tura yatsa an ji ƙasa ta bushe. An fesa mata man darbejiya. Ta yi kamar za ta tashi, har ta fid da toho, Malam Ubale ya kira abokan aikinsa yana yi musu albishir kamar an buɗe gidan rediyon. Ashe sauƙin bankwana ne. Da aka zare ta don sauya ƙasa, sai aka tarar da saiwar ta yi baƙi, ta ruɓe, tana wari. Ya daɗe riƙe da ita.

Ta bar Malam Ubale, wanda har yanzu yakan cika kofi ya nufi taga, sannan ya tsaya. Ta bar barkono da na'ana'a da ke kicin, ana sa musu ido. Ta kuma bar reshe ɗaya mai lafiya da Haula ta yanka ta dasa, ba a san ko zai kama ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da safe. Ba za a binne ta a lambu ba, kada ciwon ya kama na maƙwabta. Za a ɗaure ta a baƙar leda a miƙa wa motar shara, a wanke tukunyarta da ruwan zafi da sabulu a kife.

Ana karɓar gaisuwa a gida kowane lokaci, maigidan ba ya zuwa ko'ina. Iyalan suna roƙon masu zuwa kada kowa ya kawo wata shukar a madadinta, domin ba su da tabbacin za su kai bazara a gidan nan.