Turaren Mai Girma a Garken Tumakina

Jama'a, ƙanshi ne ya kusa kashe mini ɗan rago a makon nan, kuma ƙanshi mai tsada.

Tunkiyata, wadda muke kira Gwaggo saboda yawan faɗanta, ta haihu shekaranjiya da hantsi. Ɗa namiji, fari tas, ƙafafu kamar tsinken tsintsiya. Ko lashe shi ba ta gama ba sai ga jerin motoci sun cika hanyar gona. Ashe Mai Girma Masoyin Makiyaya ne ya fito rangadi, ya ga irin albarkar da shirinsa na bunƙasa kiwo ya yi. Ni dai shirin a rediyo na san shi. Maganin tsutsar ciki da aka yi mana alkawari tun bara yana nan tafe, Allah ya kawo shi lafiya.

Wani mai kyamara ya leƙa garke ya ce, "Yawwa, ga abin da muke nema! Baba, miƙo jaririn nan."

Mai ɗakina ta ja gefen rigata. "Malam, a bari uwar ta gama lashe shi mana."

Ni kuwa da na ji ƙanshin fitowa a talabijin, sai na ce ta yi haƙuri, manya na jira.

Mai Girma, Allah ya ƙara masa tausayin dabbobi, ya rungume ɗan ragon a ƙirji kamar jikansa. Turaren jikinsa kuwa, ba raini ba, ƙudajen garke ma sai da suka ba shi wuri. Da ya gama jawabi ya miƙa wa mataimakinsa, mataimakin ya miƙa wa nasa mataimakin, kowa da irin turarensa. Aka tafa, aka shiga mota, aka bar ni da ɗan rago yana ƙanshi kamar shagon kayan kwalliya.

Ku mutanen birni, bari in gaya muku: tunkiya da hanci take gane ɗanta, ba da ido ba. Kuma jaririn da bai sha nonon farko ba, da wuya ya kai labari. Na ajiye shi gaban Gwaggo. Ta shinshina, ta yi atishawa, ta ja da baya ta gabza masa karo. Ya tashi yana rangaji ya nufi nono, ta sake ture shi. Kukansa ya fara yin ƙasa-ƙasa.

Maƙwabcina mai facin taya ya leƙo ta kan shinge. "Maƙwabci, ai laifinka ne. Yaro ya zama ɗan gidan Mai Girma, ka dawo da shi cikin talakawa? Kai shi birni a ba shi muƙami."

"Bar wasa, ɗan ragon nan mutuwa zai yi."

"To kira su mana, ba sun bar maka lambar waya ba?"

Na kira. Wata murya mai daɗi ta jajanta mini ƙwarai, ta ce za a kafa kwamiti ya duba saɓanin da ke tsakanin uwar da ɗan, in saurari sanarwa.

Kafin in ajiye wayar mai ɗakina ta ɗora ruwa a wuta. Ko kallona ba ta yi ba. Ta wanke ɗan ragon da ruwan ɗumi, ta tatsi nonon Gwaggo ta ɗura masa kaɗan, sauran ta shafe masa baya da wutsiya, sannan ta birkiɗa shi cikin ciyawar da aka haife shi a kai.

"Malam, tunda kai ne mai manyan baƙi, zo ka riƙe mata kai."

Haka na yini da kan tunkiya tsakanin gwiwoyina, tana huci, ina ba ta haƙuri a madadin hukuma. Sai da rana ta yi sanyi na sake ta. Ta juya, ta kai hanci gindin wutsiyarsa, ta daɗe tana bincike, sannan ta gyara tsayuwa. Ya kama nono, wutsiya na kaɗawa. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa don murna.

Jiya an nuna mu a labarai. An ce ɗan ragon nan ɗaya ne daga cikin dubban da shirin Mai Girma ya samar. Ban ja ba, amma Gwaggo da ragon maƙwabcina mai faci, wanda ya yi mata barbara, sun san wanda ya yi aikin. Ni kuwa gefen hulata kaɗai ya fito.

Mai faci ya ce ya ji su Mai Girma za su dawo idan zaɓe ya matso. Na ce bismilla, amma wannan karon Gwaggo zan tura ta tarbe su. Ita ba ta yarda a kama mata nono sai ta shinshina ta tabbatar nata ne. Mu kuwa, da mun ji turare sai mu gyara tsayuwa.